Tsofaffin Sojan Amurka Da Diyyar Ciwon Da Wani Ciwo Ya Haifa

Sojan da ya ji rauni a gwiwa a bakin daga, ba gwiwar kaɗai za ta dame shi ba. Bayan shekara goma yana ɗingishi, yana ɗora nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, sai ƙugu ya kama, gadon baya ya biyo. To, wa zai biya diyyar ciwon bayan, tun da yake ba a filin yaƙi aka same shi ba?

A ƙasar Amurka doka ta amsa wannan tambaya. Ma'aikatar harkokin tsofaffin soja, wadda ake kira VA a taƙaice, tana da ƙa'ida cewa duk ciwon da ya samo asali daga wani ciwon da aka riga aka yarda aikin soja ne ya jawo shi, shi ma za a biya diyyarsa kamar na farkon. A shekarar 1995 kuma kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin soja, a shari'ar Allen da Brown, ta ƙara faɗaɗa maganar: ko da ciwon farko bai haifi na biyun ba, in dai ya tsananta shi, za a biya gwargwadon abin da ya ƙaru.

Sojan da suka yi yaƙin Biyetnam su ne babban misali. A can sojojin Amurka suka yi ta fesa wani maganin kashe itatuwa mai suna Agent Orange. Tun 2001 gwamnati ta yarda cewa wanda ya yi aiki a can ya kamu da ciwon sukari irin na manya, ba sai ya kawo hujja ba. Shi kuwa ciwon sukari ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan taɓa ƙoda, ya taɓa ido, ya kashe jijiyoyin ƙafa, kuma kowanne daga cikinsu ana iya neman diyyarsa dabam.

Sai dai kuma ga inda gizo ke saƙar. Bai isa mutum ya nuna yana da ciwo biyu ba, dole likita ya rubuta cewa wannan ne ya jawo wancan, ya kuma faɗi dalilinsa daga takardun asibiti. Ba a neman tabbaci ɗari bisa ɗari. In hujjojin suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja gaskiya. Amma likitan da ya rubuta "mai yiwuwa ne" kawai ya yi shiru, bai taimaki mai ciwon da kome ba, kuma a nan ne takardun mutane da yawa ke faɗuwa, ba don ƙarya suke yi ba. Akwai 'yan wuraren da aka ɗauke wannan wahala, kamar wanda aka yanke wa ƙafa daga gwiwa zuwa sama daga baya ciwon zuciya ya same shi.

Lissafin kuɗin ma yana ruɗa mutane. Ana auna naƙasa daga sifiri zuwa kashi 100, goma-goma, amma ba a tara su kamar cinikin kasuwa. Mai kashi 50 da ya sami ƙarin 30 ba 80 zai tashi da shi ba. Ana cire kashi 30 ne daga cikin lafiya 50 da ta rage masa, wato 15, ya zama 65, sa'an nan a cika shi 70. Duk da haka ƙarin ba na rainawa ba ne, don kuɗin wata-wata ne kuma babu haraji a kansa.

Fom mai lamba 21-526EZ ake cikewa, sau da yawa kuma ma'aikatar takan kira mutum likitanta ya duba shi. Ƙungiyoyin tsofaffin soja irin su American Legion suna taimakawa kyauta. Wanda aka hana, bisa tsarin da ya fara aiki a 2019, yana da shekara ɗaya ya nemi wani babban jami'i ya sake dubawa, ko ya kai ƙara gaban hukumar ɗaukaka ƙara, ko kuwa ya dawo da sabuwar shaidar likita.