Ƙullin wiwi ɗaya bai kai a ɗaure matashi ba

A watan Yulin 2001 Fotugal ta daina ɗaure wanda aka kama da ƙwayar da ba ta wuce abin shan kwana goma ba, wato giram 25 idan tabar wiwi ce. Mutane da dama na ɗauka halasta ta aka yi, alhali har gobe dokar ƙasar ta hana. Ɗan sanda yana ƙwace abin da ya samu, sai ya tura mai shi gaban kwamitin mutum uku, masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na walwalar jama'a. Su za su duba ko gargaɗi ya isa, ko a ci shi tara, ko a haɗa shi da likita. Dillali kuwa kotu ke jiransa kamar da.

Masu adawa sun ce da zarar an cire tsoron gidan yari matasa za su yi rububin shaye-shaye, kuma damuwa ce da ta cancanci amsa. Bayan fiye da shekara 20, masu shan wiwi a Fotugal ba su kai na Faransa ba idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa dokar Faransa ta fi tsauri nesa ba kusa ba. Ashe abin da ke jefa yaro cikin shaye-shaye ya fi alaƙa da abokai da zaman banza da sakacin gida. Ɗaurin kansa kuma yana da tasa ɓarnar. Saurayin da aka samu ƙulli ɗaya a aljihunsa yakan kwashe watanni yana jiran shari'a a ɗaki guda da 'yan fashi, ya fito da tambarin tsohon fursuna, maigidansa ya ɗauki wani, gidan da yake neman aure su juya masa baya. Wiwi na cutar da ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙaramin yaro, addini kuma ya haramta ta, amma ba kowane haramun ne maganinsa kurkuku ba.

Sai dai sauƙin na da sharaɗi. Jihar Oregon ta Amurka ta sassauta hukuncin riƙe miyagun ƙwayoyi a 2020, kuɗin jinya suka yi jinkirin isa ga masu buƙata, a 2024 ta janye. Fotugal ta ci nasara ne saboda ta zuba kuɗi a cibiyoyin jinya tare da sauya dokar.

Gana ta mayar da hukuncin riƙe ɗan abin sha zuwa tara tun 2020. A Najeriya binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi (UNODC) na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6, yayin da fursunonin ƙasar duka ba su kai 100,000 ba, mafi yawansu masu jiran shari'a. Ya kamata 'yan majalisarmu su bar NDLEA ta ji da manoman wiwi da dillalai, su ware kuɗin jinyar mai ƙulli ɗaya a kasafin kowace jiha.