Zangon Agege: An Zo Cin Rani, An Yi Jikoki

Goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fatake suka riƙa ɗaure huhu suna aikawa Arewa. Burin mai zuwa bai wuce uku ba: ya tara jari, ya sauke farali, ya koma garinsu ya yi gini.

Amma zamani riga ne. Waɗanda suka fara ciniki da fam da sule sun ga zuwan Naira a 1973, suka ga kuɗin mai sun cika kasuwa. Sa'an nan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar Naira, ajiyar shekara da shekaru ta kasa sayen bulo da kwanon rufi. Tilas aka ɗage komawa sai baɗi, baɗin ta zama baɗin-baɗaɗa.

Ana cikin jiran nan 'ya'ya suka tashi da Yarabanci a bakinsu, furfura ta kama iyaye. Yau dattijon da ya ce zai koma gida, jikokinsa kan tambaye shi: wane gidan kuma, Baba?