Kilo Ɗaya da Ya Haɗa Amurka da Sin a Zariya

A watan Oktoban 2018 Amurka da Sin suna tsaka da lafta wa kayan juna haraji, kowace na neman karya lagon 'yar'uwarta. A cikin wannan watan ne aka ga ƙwararrun ƙasashen biyu a Zariya, sun duƙufa kan aiki ɗaya, tare da 'yan Birtaniya, Norway, Rasha da Jamhuriyar Cek. Abin da ya tara su bai fi girman gwangwanin fenti ba.

Mutane da yawa suna wucewa ta Samaru ba su san akwai tukunyar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello ba. Tana Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi, ana kiranta NIRR-1, ƙirar Sin ce, kuma ta fara aiki a 2004. Ba ta ba da wutar lantarki, ƙarfinta ma a lokacin kilowat 30 ne kacal. Aikinta bincike ne. A kawo ƙasar gona, ko dutsen ma'adini, ko hatsi, a zuba ɗan kaɗan a ƙaramin mazubi, a tura shi ta bututu zuwa kusa da zuciyar tukunyar da ke can ƙasan ruwa. Idan an fito da shi, hasken da yake fitarwa zai faɗi sinadaran da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin, matsalar a man tukunyar take. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa a ƙasa, irin na Arlit, ɓangarensa mai ƙarfi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Tashoshin lantarki suna amfani da wanda aka tace ya kai kashi 3 zuwa 5. Na Zariya kuwa an tace shi ya kai kashi 90, wato irin wanda ake haɗa bam da shi. Kusan kilo ɗaya ne, bai isa bam ba. Amma a ƙasar da Boko Haram ta taɓa kai wa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya hari a Abuja, wa zai yi barci da ido biyu rufe?

Gana ce ta fara rabuwa da irin wannan man. Tana da irin wannan tukunya a kusa da Akara, ta mayar da nata man Sin a 2017, aka kuma kafa wurin horo a can. A wurin ne ma'aikatan Zariya suka yi ta gwajin ciro zuciyar tukunya har hannunsu ya faɗa. Wannan ya fi komai burge ni a labarin: makwabciya ce ta koya wa makwabciya, kuma hannun 'yan ƙasa na cikin aikin tun daga tushe.

Ana gab da fara aikin a Zariya sai rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, ya bazu zuwa garin Kaduna, gwamnati ta sa dokar hana fita. Aka ɗan jinkirta, sannan aka yi aikin cikin gaggawa, da tsaro ko'ina. Aka ciro zuciyar daga ruwa, aka rufe ta cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, ita ma aka sa ta cikin wata babbar ma'ajiya ƙirar Rasha, TUK-145/C, mai nauyin kusan tan 30, wadda aka ƙera don ko jirgi ya faɗi kada ta fashe. Tan 30 saboda kilo ɗaya! A farkon Disamba sojoji suka raka ta filin jirgin Kaduna, wani katafaren jirgi Antonov An-124 ya ɗauke ta zuwa Sin.

Sau da yawa idan manyan ƙasashe suka ce a yi haɗin gwiwa, ƙaramar ce ke tashi hannu rabbana. Wannan karon ba haka aka yi ba. Da sa idon hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, aka sa wa tukunyar sabon mai da aka tace kashi 13, wanda ba ya yin makami, kuma tun kafin tsohon ya bar ƙasar ta koma aiki. Ɗalibai suka ci gaba da kawo ƙasa da duwatsunsu.

Daga lokacin babu sauran tukunyar bincike a Afirka mai aiki da yuraniyam irin na makami. 'Yan'uwanta ƙirar Sin guda uku, a Siriya da Iran da Pakistan, su kam a lokacin suna nan da tsohon mansu.