Kafin a fesa wa motarka fenti, je ka gan ta tsirara

Wani maƙwabcina ya gaji tsohuwar Peugeot 504 daga mahaifinsa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Ya ƙudurta sai ya dawo da ita yadda ya san ta yana yaro. Ya kai ta gareji, aka yi ciniki, mako biyu kacal sai ga ta kamar amarya, har yara na duba fuskarsu a jikin ƙofa. Damina ɗaya ta yi. Ƙasan ƙofofin ya fara kumbura kamar ƙuraje, ya sa mukulli ya taɓa, sai wani ɓangare mai girman ƙosai ya faɗo. A ƙarƙashi tsatsa ce jajur, da guntun buhun siminti da aka cusa don toshe rami.

Abin da ya faɗo shi ne fila, wannan kwaɓin da fanalbita ke shafawa don daidaita jikin mota. Ita kanta ba laifi ba ce. An yi ta ne don cike 'yan ƙananan lotsawa bayan an buga ƙarfe ya miƙe, kuma bai kamata kaurinta ya wuce kamar milimita 3 ba. Amma buga ƙarfe aiki ne na kwanaki, lafta fila kuwa na sa'o'i ne, don haka mai gaggawa yakan yaɓa ta kamar ana yaɓen ɗaki. Tsatsa ba ta mutuwa don an rufe ta. Sai an yanke ruɓaɓɓen wurin, a yi waldar sabon ƙarfe, in ba haka ba tana nan tana ci daga ciki.

Gwajin gano yaɓen fila ba shi da wuya. Naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar da shi, musamman ƙasan ƙofofi da saman tayoyi. Inda ya kama, ƙarfe na kusa. Inda ya sulale, an yi yaɓe. Sai dai bambar yawancin motocin zamani ta roba ce, wasu motocin ma bonet ɗinsu na alminiyom ne, kada ka tuhumi bawan Allah a banza.

Abin da ya fi maganaɗisu shi ne ƙafarka. Ka je garejin ranar da aka gama goge tsohon fenti da sanfefa, kafin a fesa na share fage. Ranar ce kaɗai mota ke faɗin gaskiya. Ka raba kuɗin aiki kashi-kashi, kada kason fenti ya fita sai ka ga ƙarfe da idonka. Wanda ya ce maka "Alhaji kai dai ka zo ka ɗauki mota ranar Asabar" ba sauƙi ya yi maka ba. Idan launin asali kake so, lambarsa tana kan wani ɗan faranti a jikin motar, galibi a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. Kuma feshi a fili lokacin hunturu asarar kuɗi ne, ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti ya bushe da kaushi.

Yanzu kuma yayin canza fuska ake yi, a ɗauki mota mai shekaru a sa mata fitilu da bamba na sabon samfuri. Kowa da sha'awarsa. Amma a gaban motocin zamani akwai na'urorin da ke sanar da jakar iska cewa an yi karo, idan aka cire su aka manta, ba za ka sani ba sai ranar da ake buƙatarsu. Ginshiƙan da ke riƙe rufi ma ba abin yankawa ba ne don ado. Lambar shasi kuwa, ka hana a taɓa ta ko a binne ta da fila.

Launin mota yana rubuce a takardunta. Ka mayar da fara baƙa, ka je a gyara takardun, don a shingen bincike za a iya ɗaukarta motar sata. A Najeriya akwai dokar 1977 da ta hana fenta motar farar hula da koren soja, da ta 1991 kan gilashi mai duhu.

Sai yaron da ke riƙe da bindigar feshin, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Fentin da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa yana ɗauke da isosayanet, wanda ke jawo asma, wani lokaci ta zauna wa mutum har abada. Ƙyallen da yake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin asibiti, ba ya tare wannan tururin. Gwangwanin madarar da ake sha bayan feshi wai don ta wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba huhu ba. Ana buƙatar takunkumi na musamman da wuri mai fitar da iska. Tinar da ake sirka fenti da ita kuma tana kamawa da wuta da tartsatsi ɗaya, ga shi sau da yawa mai walda na aikinsa taku biyar daga inda aka ajiye galan ɗin a buɗe.