FULOGI SHAIDA NE, A SAURARE SHI KAFIN A YAR

Kowa ya san shanunmu manyan motoci ke ɗauka, kuma su gas suke sha, ba ruwansu da fulogi. Amma kafin sa ya hau mota, babur ne ke kai mu ruga da kara. Tun rufe gadar Malanbil zuwa Gaya da aka yi a 2023, zirga-zirgar babur ta ƙaru ƙwarai. To, mutum da kuɗin shanu a aljihu, babur ya mutu masa a daji ga magariba ta kawo kai, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne.

Kwanan baya na kai babur ɗina aka sauke inji, aka sa sabon fistan da ringi. Cikin mako guda na sayi fulogi uku, wanda mutanen Nijar da Benin ke ce wa buji. Na ukun ya mutu mini a hanyar karar Gene, sai da kasuwa ta watse na isa. Wani tsohon bakanike ya ce mini, "Alhaji, kawo matattun in gani." Daga nan na koyi abin da zan faɗa muku. Yadda muke buɗe bakin sa mu san shekarunsa, haka ake duba bakin fulogi a san ciwon inji.

In bakinsa ruwan ƙasa ne kamar soyayyar gyaɗa, inji lafiya lau, a nemi matsala wani wuri.

In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya fi iska yawa. A duba ko an bar cok a jaye, ko ƙurar hunturu ta toshe soson iska, ko kuwa an buɗe wa kabireta mai da yawa. Hayaƙin salansa baƙi zai fito.

In baƙi ne mai maiƙo yana ƙyalli, baƙin mai ke hawa inda fetur ke ƙonewa, hayaƙi kuma shuɗi-shuɗi. Wannan shi ne nawa. Sabon ringi kan ɗan sha mai kafin ya zauna, amma in an yi kilomita 500 zuwa 1,000 abin bai daina ba, ko an kifa ringi wajen ɗauri, ko an jera bakunansu layi ɗaya, ko robar bawul ta lalace. Nan ko fulogi goma ka canja, aikin banza ne, sai an sake buɗe inji.

In a jiƙe yake yana warin fetur, wuta ce ba ta zuwa. A sa shi a hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake so. A yi nesa da fetur wajen wannan gwaji.

In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, inji na zafi, yana iya huda fistan. Kada a ci gaba da tafiya a haka.

Tazarar bakin fulogin ƙananan babura kan kasance milimita 0.6 zuwa 0.8. Man kwalba kuma, wato kpayo, a ɗaga shi a rana kafin a zuba, don ruwa da datti ƙasa suke kwanciya.

Shawarata, kowa ya riƙa tafiya da sifana da sabon fulogi mai lamba daidai da na babur ɗinsa. Wanda ya mutu kuma kar a yar, a kai wa bakanike, shi ne shaidarka in gardama ta tashi kan aikin da ya yi.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida da riba, amin.