Iskar da ke jan mai lema a teku: yadda ake karanta ta kafin ta iso

Yau teku za mu leƙa. Kun san 'yan wasan nan da ke tsayawa a kan allo, ƙatuwar lema a sama tana jan su a kan ruwa? To ba su da inji, iska ce man tafiyarsu. Shi ya sa kafin su fita sai sun duba hasashenta a manhajoji irin su Windy ko Windguru.

Da "not" ake auna gudun iska a teku, kuma not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Yawancin masu lema sukan fara samun abin tafiya daga kusan not 12, sun fi jin daɗin 15 zuwa 25. Amma fa idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin da ke jan lemar sau huɗu yake ninkawa. Kun ga ke nan tsakanin 15 da 30 ba wasa.

Sai dai ni a ganina wannan lambar ba ita ce ta farkon dubawa ba. Tambayar farko: daga ina iskar ta fito? Idan daga tudu take hurawa zuwa teku, ruwan bakin gaɓa zai kwanta luf, gwanin sha'awa. To nan haɗarin yake. Lema ta faɗi ko igiya ta tsinke, iskar za ta yi ta tura mutum cikin teku, gaɓa tana nisa. An fi son wadda ke zuwa daga gefe, ta ɗan karkato wajen tudu, don ko me ya faru ƙasa za ta mayar da kai.

Ku ɗauki garin Tarifa a kudancin Sifaniya, bakin mashigar Jibralta, inda tsakanin Turai da Afirka bai wuce kilomita 14 ba. Iska biyu ke mulki a can. Poniente daga yamma take zuwa, ta kan Atilantika, a natse. Levante kuwa daga gabas, tana matsewa tsakanin duwatsu ta fito da fushi, tana fizga, kuma a yawancin gaɓar garin teku take nufa. A manhaja duk biyun suna iya nuna not 20.

Fizgar nan ma lambarta daban. In ka ga 14 amma fizga 28, iskar ba ta da tabbas: yanzu lema ta yi laushi, anjima ta ɗaga ka sama.

Wani abu kuma, kwamfutocin hasashe irin GFS na Amurka suna yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa ya haura kilomita 10. Ƙaramin tsauni ko lungun gaɓa ba su gani sosai. Haka iskar rana: ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, mai sanyi ta teku ta kwararo ta cike gurbin. Sai ka ga safiya shiru, bayan azahar iska ta tashi fiye da abin da aka hasasa. Don haka a gwada hasashe biyu ko uku, a sake dubawa da safiyar ranar, a kuma tambayi 'yan gari.

Af, iskar arewa maso gabas da ke kawo mana hunturu, danginta ne ke tara masu lema a tsibirin Sal na Kef Bade a daidai waɗannan watanni. Har ƙurar Sahara takan kai musu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.