Sandar fatsa ta fi karyewa a bayan a-kori-kura fiye da bakin ruwa: ga yadda za ka kai ta lafiya

Kamun kifi da sandar fatsa ta zamani ya fara shiga ran matasa. Bidiyon YouTube da TikTok sun sa da yawa suna yin odar sanda ta intanet, ranar Asabar a haɗu a bayan Hilux a nufi madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa. Abin da bidiyon ba sa nunawa shi ne tafiyar da ke tsakanin gida da bakin ruwa, kuma a nan ne sanda mai tsada ke samun raunin da zai kashe ta.

Me ya sa take saurin lalacewa?

Yawancin sandunan zamani ana yin su ne da zaren kabon, wato kabon faiba, wanda aka naɗe aka manne da wani danƙo mai tauri. Tun farkon shekarun 1970 kamfanoni suka fara amfani da shi a maimakon zaren gilashi, saboda ba shi da nauyi kuma yana isar da motsin kifi zuwa hannu nan take. Cikin sandar rami ne, bangonta kuma siriri ne ƙwarai, musamman wajen tsini.

An ƙera ta ne don ta lanƙwashe, ba don ta sha duka ba. Idan ta yi ta bugun ƙarfen mota a hanya mai gargada, zaren da ke wurin yana tsintsinkewa a ciki ba tare da ido ya gani ba. Sai ranar da babban tarwaɗa ya ja, ta ɓalle daidai wurin, mai ita ya ce an sayar masa da jabu. Alhali mota ce ta riga ta gama da ita.

Fara da awo

Bayan Hilux mai ƙofa huɗu bai wuce kimanin mita 1.5 a tsawo ba, faɗinsa ma kusan haka. Idan ka kwantar da sanda daga kusurwa zuwa kusurwa, za ka samu kimanin mita 2.1. Ke nan sanda mai ƙafa 7 da kyar za ta shiga, mai ƙafa 10 ko 12 kuwa dole ta leƙo waje idan ba a raba ta ba.

Masu iPhone na iya gwada manhajar Measure, wadda ke auna tsawo da kyamara, akwai kuma irinta a Play Store. Sai dai awon kyamara kan yi kuskuren 'yan santimita, don haka ka tabbatar da tef kafin ka yanka komai.

Idan ba ka sayi sandar ba tukuna, ka duba mai gaɓa biyu ko uku, ko wadda ake zuƙewa kamar eriyar rediyo. Sanda mai mita 3.6 da ta rabu uku ta koma kimanin mita 1.2, ta shige bayan kujera. Matsalar ta ƙare tun ba ta fara ba.

Bututun famfo: dabara mafi arha

Ga mai doguwar sanda guda, babu abin da ya kai bututun PVC na masu aikin famfo. Mai faɗin inci 4 yana ɗaukar sanduna biyu ko uku idan an cire injin naɗe zare. Ka yanka shi ya ɗara sandar da kamar santimita 10, ka manne murfi a gefe ɗaya, ɗaya gefen ka sa murfi mai buɗewa. Ka cusa guntun soso a cikin kowane murfi, domin idan aka taka birki sandar gaba take zamewa, tsininta ne zai fara cin karo.

Kowace sanda a naɗe ta da tsumma ko a zura ta cikin rigarta, sannan a juya su kai da ƙafa don kada zobunansu su sarƙe. Ka girgiza bututun kusa da kunnenka. In ka ji ƙara, akwai sauran aiki.

Wajen ɗaurewa, a kama bututun a wuri biyu aƙalla, da bel ɗin ɗaure kaya mai makulli. Robar tif da muka saba da ita tana miƙewa, rana kuma tana cinye ta. Mafi kyau shi ne bututun ya hau kan ƙarfen da ke bayan kan mota ya bi saman rufi, maimakon ya fito ta baya inda mai babur zai iya afka masa. Idan dole ya leƙo ta baya, ka ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa.

Na'urorin maganaɗisu da masu tsotson iska

A kasuwannin intanet za ka ga maƙalai da ake ɗorawa ɗaya a kan bonet, ɗaya a rufi, sanda ta kwanta a kansu a haɗe da zarenta. Suna da amfani idan za ka sauya wuri a bakin ruwa, amma ka san iyakarsu. Mai maganaɗisu ba ya kama alminiyum, shi ya sa ba ya aiki a jikin Ford F-150 na 2015 zuwa yau. Mai tsotson iska kuwa yana son wuri mai santsi da tsabta, ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta sa ya saki.

Ga kuma lissafin iska: idan ka ninka gudu, ƙarfin da iska ke tura kaya da shi yana ninkuwa sau huɗu. Abin da ya zauna daram a kilomita 50 cikin awa yana iya tashi a 100. Kullum gindin sanda ya kalli gaba, tsini ya kalli baya.

Haɗarin da ya fi asarar kuɗi

Kada ka taɓa tsayar da doguwar sanda a miƙe a bayan mota. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, kuma wayoyin da ke bin gefen titunanmu na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000. Irin wannan wutar tana iya tsallakowa ko da sandar ba ta taɓa wayar ba. Kafin ka zaro sanda daga bututu, ɗaga kai ka duba sama. Haka nan idan hadari ya taso ana walƙiya, ka kwantar da ita.

Cire ƙugiya da dalma kafin tafiya. Dalmar da ke lilo guduma ce ƙarama, ƙugiya kuwa ba ta bambanta kifi da yatsan abokinka.

Inda wayarka za ta taimaka

Kana iya manna AirTag ko Galaxy SmartTag a cikin murfin bututun saboda ɓarayi a tasha. Amma ka tuna ba su da GPS. Da Bluetooth suke aiki, sai wata waya mai jituwa da su ta gifta kusa sannan ka ga inda suke. A cikin gari za su yi amfani, a dajin bakin dam ba lallai ba.

Da ka isa, kunna tocilan wayarka ka bi sandar daga gindi zuwa tsini kana neman wurin da ya yi fari ko ya ƙarje. Sannan ka zura auduga cikin kowane zobe ka juya. Idan ta maƙale, zoben ya tsage, kuma zai yanke maka zare a daidai lokacin da kifi ya kama. Wannan dubawar ba ta cin minti biyar, ka yi ta kafin ka ɗaura ƙugiya.